Notin da Na Bari Ranar Jana'izar Masta Yakubu

Jiya wani daga cikinku ya tsallako titi ya zo rumfata da bindigar iska ta kwance noti a hannu, ya tarar ina goge zaren shaf da tsumma. Ya tsaya yana kallona yana murmushi, sannan ya ce, "Masta Sule, noti ɗaya ne fa. Ba ni waje, minti biyu na gama maka." Na ce ya koma inda ya fito. Noti ɗaya! Ku samarin yanzu, da kun sayi bindigar nan kun kalli hoto mai motsi a waya sau biyu, shi ke nan kun zama fita, wato makanikai, har da rubuta suna a allo. Kuna jin ƙarar bindiga kuna ganin aiki ne ke tafiya. To ku zauna in gaya muku abin da noti ɗayan nan ya yi wa sunana a garin Tamale, ni da na fi shekara talatin ina kwance shi ina ɗaure shi.

Notin da nake magana shi ne babban nan da ke tsakiyar tayar gaba, bayan an cire murfi. Ƙaramar mota da ƙafafun gaba take jan kanta. Shaf ya fito daga giya, ya ratsa ta cikin boris, bakinsa ya leƙo waje, notin nan ne ya kama shi ya matse komai wuri guda. In ya yi sako-sako, boris ya ci kansa, taya ta fara rawa, daga nan sai abin da Allah ya yi. In ya matsu fiye da kima, boris ya ƙone kafin wata ya zagayo. Tsakanin biyun nan akwai wuri ɗaya tak da ya kamata ya tsaya, kuma bindigarku ba ta san wurin ba.

Motar farko da na taɓa wa wannan noti tasi ce ta wani direba ɗan unguwar Kukuo, ina shekara ta biyu a hannun Masta Yakubu. Masta Yakubu Badagombe ne, gajere, ba ya son magana, Hausarsa kuma ta kasuwa ce, mace da namiji duk "shi" ne a bakinsa. Ni da rawar kai na ɗauko jak na ɗaga motar, na cire taya, sannan na sa soket a kan notin na danna. Ƙafar ta riƙa juyawa tana bina, ni kuma ina ta zufa. Masta yana zaune a kan benci yana shan kokonsa, ya bar ni na yi ta fama har na gaji don kaina. Sannan ya ce, "Sulemana, mota ya sauka ƙasa tukuna. Ƙasa ne yake riƙe maka." Na mayar da taya, na sauke motar, direban ya shiga ya taka birki. Aka ba ni siririn cizal na buɗe bakin notin inda aka danne shi cikin tsagar shaf, don in ba ka buɗe wannan ba zaren shaf za ka cinye. Aka zura bututun ƙarfe a hannun sufana, na rataya a kai, notin ya yi ƙara ya saki. Sai bayan nan ake ɗaga mota.

A hannunsa na koyi sauran. Ba a dukan bakin shaf da guduma tsirara, sai an sa katako a tsakani. Ba a tura mota ko taku ɗaya in notin ba ya ciki, don boris rabuwa yake yi. Tsohon noti da aka riga aka danne bakinsa sau ɗaya, bola ce gidansa, ko da mai mota zai yi ta rantsuwa cewa lafiyarsa ƙalau. Ku kuwa na ga kuna wanke tsohon da fetur kuna mayarwa, kuna ce wa mai mota sabo ne daga Kumasi. Allah ya shirye ku.

Ɗaurewar ita ce aikin. A zamaninmu babu sufanar nan mai yin ƙas in ta kai ma'auni. Masta Yakubu yana da bututunsa da ya yi wa zane-zane da zarto, ya kuma san nauyin jikinsa. Sai ya daidaita bututun a kwance, ya dafa kafaɗata, ya hau da ƙafa ɗaya a kan zanen da ya dace da motar, ya tsaya cak, ba tsalle ba girgiza, har bututun ya daina sauka. Bayan azumi kuwa, da yake ya rame, sai ya matsar da ƙafarsa gaba kaɗan. Mutane suna dariya, amma ban taɓa ganin borisinsa ya dawo ba. Da ya sauko sai ya ɗauki cizal da guduma ya danne bakin notin cikin tsaga, bugu biyu. Kafin bugu biyun nan, a wurinsa ba a yi aiki ba. Ku lura da abu guda, don a nan maganar take: ɗaurewar ƙarshe ma a ƙasa ake yin ta, da taya a jiki. Wato motar da ba a gama ba da wadda aka gama, a ido duk ɗaya suke.

Shekara bakwai na yi a wurinsa. A gidansa nake cin tuwo, matarsa Mma Azara ce ke zuba mini, ita ce kuma ta saya mini rigar aiki ta farko. Ranar da aka yaye ni ya ba ni soket biyu da bututu, na buɗe rumfata a unguwar Changli. Ko bayan na yi aure, duk Juma'a in an sauko daga masallaci a gidan nake cin abincin rana. In fitocin unguwa suna gardama a kan ƙafar mota, sai a ce a je a tambayi Sule na Masta Yakubu. Wannan sunan shi ne jarina, ban da wani.

Motar da ta ja mini ta Madam Rahinatu ce, wata malamar makaranta, 'yar ƙaramar mota ja wadda take wankewa da hannunta kowace safiya. Ta kawo ta ranar Asabar da hantsi, robar shaf ta dama ta yage, giris ya watse, in ta karya kwana sai a ji ƙas-ƙas-ƙas. Ta ce za ta dawo ƙarfe biyu, don akwai sunan jikar yayarta a wani ƙauye can bayan Gumani, kuma ita za ta ɗauki tsohuwarta da tukwanen abinci. Na ce ta tafi abinta. Ta ba ni makulli, amma na san tana da na biyu a jaka, don ta taɓa zuwa ta ɗauki motar ina masallaci.

Aikin ya tafi lafiya. Na canza kan shaf, na cika giris, na ɗaure roba, na goge zare, na sa sabon noti na murɗa da hannu har ya zauna. Na mayar da taya, na sauke motar. Saura in hau bututu in buga baki. Na sa cizal a aljihun wando, na leƙa in kira maƙwabcina Baba Isa mai facin taya ya taka mini birki, na tarar ya tafi sayen wake da shinkafa. Ina tsaye ina jiransa sai ga wani fita a kan babur, ko kashe inji bai yi ba, ya ce, "Sule, Masta Yakubu ya cika. Ana sallar azahar za a kai shi."

Kun san yadda muke yi. In babban fita ya rasu, duk wanda ya taɓa riƙe sufana a ƙarƙashinsa ajiye ta yake yi a inda take, ba a cewa bari in ƙarasa. Kuma gawa ba ta jiran kowa. Na ɗauki murfin tayar da ke ƙasa, don kada a taka shi, na manna shi a wurinsa da tafin hannu. Ban san na yi haka ba sai daga baya. Na wanke hannu da garin sabulu, na bar waya a kan benci, na hau babur ɗina da rigar aiki na nufi gidansa a Kukuo.

Mutane sun cika ƙofar gidan, fitoci da direbobi da masu keken haya mai ƙafa uku da muke kira yalo-yalo, har titi ya toshe. Aka yi masa salla, muka ɗauke shi zuwa maƙabarta. A bakin kabari babban ɗansa Abdulai ya waiwayo ya kama hannuna ya ce, "Kai ne babban yaronshi. Shiga mu karɓe shi." Wannan girma ne da ba a ba kowa. Na cire takalmi na sauka, muka tallabe shi, na durƙusa don in kwantar da shi a kan damarsa. Ina durƙusawa wani abu ya soke ni a cinya. Na san cizal ne tun kafin in taɓa. Cizal yana aljihuna, ke nan ban buga baki ba, ban ma hau bututu ba, ga murfi a rufe, ga mota a ƙasa a kan ƙafafunta huɗu, ga makulli na biyu a jakar Madam. Ina riƙe da kafaɗar maigidana ina lissafin ƙarfe nawa yanzu.

Na gyara masa kwanciya, wannan dai na yi. Amma ban tsaya an jera itace ba, ban tsaya an sa laka ba, ban zuba ƙasa ko tafi ɗaya ba. Na dafa bakin kabari na fito, na ratsa sahun mutane ba takalmi. Abdulai ya ce, "Sule, ina za ka?" Ban amsa ba, don ban san yadda zan faɗa a wurin ba. Babur ɗin kuma, don ya ƙarasa ni, ya ƙi tashi sai a bugu na huɗu, ya kuma tashi da ƙara a daidai lokacin da liman ya ɗaga murya. Duk maƙabartar ta waiwayo.

Na isa rumfa, motar ba ta nan, sai ɗigon mai a inda ta tsaya. Baba Isa yana zaune yana sakace haƙori. Ya ce, "Madam ya zo. Ya tambaya an gama, na duba na ga mota a ƙasa, murfi a rufe, na ce ai Masta ba ya sauke mota sai ya gama." Ban ga laifinsa ba, abin da idonsa ya gani ya faɗa. Na kira wayarta sau uku, tana ta ringi a jaka. Na ɗauki soket da guduma, na saɓa bututu a kafaɗa, na bi hanyar Gumani.

Ban taɓa tuƙi irin na ranar ba, kuma ba na fatan in sake. Na wuce Gumani, kwalta ta ƙare, hanya ta koma jar ƙasa mai gargada, irin wadda ke kwance notin da aka ɗaure ma balle wanda hannu kawai ya murɗa. Duk inda na hango mutane sun taru sai in leƙa ko jar motar ce ta faɗi. Can na hango jar motar tana tafiya, tayar dama ta gaba tana lilo, samanta na shiga yana fita. Na sha gabanta ina ɗaga bututu ina ihu. Ta taka birki, ta leƙo ta ce, "Masta Sule, ka haukace ne? Dama ina nemanka, wane irin aiki ka yi mini? Motar sai kuka take tun daga gari!" Tana jin kukan, amma ba ta tsaya ba, don kada a yi suna babu ita. Tsohuwarta na gaba riƙe da carbi, mata biyu na baya da tukwane a cinya.

Na ɓalle murfin da cizal. Notin ya warware ya zo bakin shaf, zare biyu ko uku ne suka rage suna riƙe da shi. Na taɓa shi da yatsa ya juya. Na ce, "Madam, taka birki, kada ki saki sai na ce." Na murɗa shi ya koma, na sa bututu, na hau da ƙafata ba takalmi, ƙarfen ya yi zafi da rana, na tsaya har ya daina sauka. Na buga baki, bugu biyu. Na gaya mata gaskiya, cewa ni na bari ban gama ba, boris ya riga ya lalace, ta tafi a hankali, gobe in canza. Tsohuwar ta kalli ƙafafuna da ƙasar da ke gwiwar wandona ta ce, "Ɗan nan, daga ina kake?" Na ce daga maƙabarta. 

Da na koma Kukuo an watse, sai tudun ƙasa da takalmana a gefe.

Shekarar da ta biyo baya ita ce mummunar shekarata. Madam Rahinatu ba muguwa ba ce, amma malamar makaranta ce, kafin Litinin duk ɗakin malamai ya san Sule ya sake ta da noti a kwance. Fitoci kuma nasu labarin daban: Sule ya bar maigidansa a buɗe a kabari ya tafi wajen kwastoma. Masu mota suka guje ni don na farko, 'yan'uwana fitoci suka guje ni don na biyu. Waɗanda muke cin tuwo kwano ɗaya da rana suka mayar da kwanon wata rumfa. Wasu da ni na koya musu bambancin soket talatin da talatin da biyu su ne suka fi kowa baki, suna wucewa a kan babur suna tambayata ko akwai jana'iza yau. Awaki suka mayar da inuwar rumfata wurin kwana. Na koma gyaran yalo-yalo da amalanken babur, aikin da a da nake turawa gaba. Abin ya ci ni, ba zan ɓoye muku ba.

Amma abin da ya fi damuna gidan Masta ne. Na je addu'ar uku, Abdulai ya ƙi ba ni hannu. Na je ta bakwai da ta arba'in, na zauna can ƙarshen tabarma. Mma Azara tana takaba, ta aiko a gaya mini kada in shigo cikin gida. Ta fita takaba, saƙon bai canza ba. Na aika limamin unguwarmu ya yi bayani, cewa rai huɗu ne a motar. Abdulai ya sauko, har ya zo rumfata ya zauna muka gaisa. Ya ce amma tsohuwarsa ta ce ta ji, kuma tana nan a kan bakanta. Na ce a raina, mace ce, mijinta ne, wa zai gaya mata akwai abin da ya fi kabarinsa? Duk Juma'a in na sauko daga masallaci sai in rasa inda zan nufa.

Sai da shekara ta zagayo, aka yi masa addu'a, sannan ta aiko a kira ni. Na shiga tsakar gidan da na yi shekara bakwai ina cin tuwo. Tana zaune a kan kujera 'yar tsugune tana tsinke ganyen ayoyo. Na cire takalmi, na tsuguna, na gaishe ta da Dagbanci kamar yadda na saba. Ko "naa" ɗin da ake amsa gaisuwa da shi ba ta ce ba. Na fara abin da na shekara ina shiryawa. Na ce, "Mma, ki yafe mini. Na san barin kabarin Masta abu ne da..."

Ta ɗaga hannu. "Wa ya yi maka maganar kabari?"



Ta ce, "Kabari, mutum ɗari yana wurin, sun rufe shi. Da ka tsaya zuba ƙasa matar nan ya faɗi da uwanshi, da ni da kaina zan zo Changli in ƙone rumfanka. Tafiyan da ka yi, shi ne abu ɗaya da ka yi daidai ranan nan."

Na ce, "To Mma, me na yi?"

Ta ajiye ganyen ta dube ni. "Sulemana, shekara arba'in ina aure da mutumin nan. Ranan da na haifi Abdulai an aika mashi, bai zo ba sai da ya buga bakin noti. Na yi fushi wata guda. Ranan da uwanshi ya mutu an aika, ya gama tukuna. Duk Tamale an san shi da wannan, ba shi da gida mai bene, ba shi da mota, wannan kaɗai yake da shi. Kai ne babban yaronshi. Rana ɗaya, ɗaya tak, da ba ya nan ya duba bayanka, ka sauke mota ka rufe murfi ka tafi. Bai kai kabari ba ma. Yanzu in an ce yaron Yakubu, me mutane za su tuna?"

Shekara guda ina neman gafarar abin da ba shi ne laifina ba, ina kuma ganin kaina wanda aka zalunta. Na zauna a tsugune har ƙafafuna suka mutu, ita kuma ta koma kan ganyenta.

Can ta kira jikarta ta ce a zuba mini tuwo. Aka kawo, aka ajiye mini a zaure, inda ake ajiye wa baƙi. Shekara tara ta yi bayan nan kafin Allah ya karɓi abarsa, duk Juma'a ina zuwa, ana zuba mini, kuma a zaure nake ci.